Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga NERC da NISO: a shigar da rage jan wuta na gaggawa cikin dokokin kasuwar sarin lantarki

Zuwa ga Shugaba da Kwamishinonin Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, da kuma shugabannin NISO, hukumar da aka damƙa wa tafiyar da babban layin wuta na ƙasa.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a matsayina na injiniyan da ya daɗe yana kula da injuna a wata masana'antar robobi a Arewa, kuma buƙatata guda ɗaya ce. Ina roƙon ku tanadi gurbi a cikin dokokin kasuwar sarin wutar lantarki, inda manyan masu amfani da wuta za su ƙulla yarjejeniya tun kafin matsala ta auku, cewa idan babban layi ya shiga halin gaggawa za su rage abin da suke ja cikin mintuna ƙayyadaddu, a auna abin da suka rage, a kuma biya su kamar yadda ake biyan tashar da ta ƙaro wuta. Na zaɓi wannan lokaci saboda yanzu ne ake sake shimfiɗa dokokin. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta fara aiki, a 2024 kun ba da umarnin a cire sashen tafiyar da layi daga TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ya zama NISO, kuma a 2024 ɗin dai kuka fara karkata cinikin sari daga hannun NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, zuwa ciniki kai tsaye tsakanin masu samarwa da masu rarrabawa. Abin da ba a saka a tubalin gini ba, da wuya a saka shi bayan an yi rufi.

Bari in fara da abin da na sani da hannuna. Injin da ke narkar da roba yana tura ta cikin wani dogon bututun ƙarfe mai zafi, kuma muddin wuta na nan robar tana gudana kamar kunu mai kauri. Idan aka ɗauke wuta ba zato, robar tana daskarewa a ciki tun kafin a tayar da janareta ya daidaita, sai a kashe sa'o'i ana sake ɗumama bututun, a zubar da abin da ya ƙone, wani lokacin ma sai an kwance bakin injin an kankare shi da hannu. Na sha tsayawa da ma'aikata cikin dare, da fitilar waya a baki, muna wannan aiki. Amma idan da za a kira ni a ce nan da minti talatin ana so in sauke rabin abin da nake ja, zan tsayar da injuna biyu cikin tsari, in wanke bututunsu, in kashe na'urar niƙa tsofaffin robobi wadda ba ta da gaggawa ko kaɗan, kuma asarata ba za ta wuce ta aikin da aka jinkirta ba. Wutar da layi ya samu sauƙinta iri ɗaya ce a duka halin biyu. Bambancin yana wajen wanda ya san abin da ke tafe da wanda aka yi wa ba-zata. Ba na ɗora wa ma'aikacin da ke tashar rarraba wuta laifi, domin shi ma umarni ya samu, kuma makamin da ke hannunsa ɗaya ne, wato ya kashe fida, layin da ke kai wa yanki guda wuta, gaba ɗayanta, da masana'anta da asibiti da famfon unguwa da ke rataye a kanta.

Kun fi ni sanin cewa wutar babban layi ba ta zama a rumbu. Abin da ake samarwa da abin da ake ja dole su yi daidai a kowace daƙiƙa, kuma ma'aunin wannan daidaito shi ne bugun wutar, wanda a ƙasarmu ya kamata ya tsaya a hatz 50, tsakanin 49.75 da 50.25 a yanayin yau da kullum. Layinmu kuwa ƙarami ne. Mafi yawan ranaku yana ɗauke da megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma ƙololuwar da ya taɓa kaiwa a watan Maris na 2025 ta ɗan haura 5,800 ne kawai. Tashar Egbin da ke Legas tana da injuna shida, kowanne megawat 220, saboda haka idan ɗaya tak ya faɗi yana cikin cikakken aiki, kusan kashi biyar cikin ɗari na wutar ƙasar ya tafi a lokaci guda. A ƙasashen da ke da wadata akwai injunan da ke juyawa ba a cika musu kaya ba, suna jiran irin wannan lokaci. Mu ba mu da isasshiyar wannan ajiya, don haka masu aiki a cibiyar kula da layi ta Osogbo sukan koma ga datse wuta da gaggawa, idan kuma ba su yi sauri ba layin ya faɗi baki ɗaya, kamar yadda ya yi har sau uku cikin mako guda a watan Oktoban 2024.

Na san tambayar da za a fara jefowa, domin abokan aikina ma sun yi mini ita: ƙasar da wuta ba ta ishe ta ba, ta yaya za ta biya mutane kuɗi don kada su yi amfani da wuta? Tambayar tana da nauyi, amma ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai ƙarancin kullum, wanda tushensa iskar gas ce da ba ta isa tashoshi, da layukan da ba su da ƙarfin ɗauka, da bashin da ya shaƙe harkar, kuma babu wata yarjejeniyar rage ja da za ta magance shi. Akwai kuma halin gaggawa, wanda ke zuwa cikin daƙiƙoƙi ya wuce cikin sa'a ɗaya ko biyu, lokacin da inji ya faɗi ko layi ya tsinke. A irin wannan lokaci megawat ɗari da aka daina ja daidai yake da megawat ɗari da aka ƙaro, har ma ya fi shi saurin samuwa, domin kashe na'ura ya fi tayar da inji sauƙi. Magana ta gaskiya, muna rage jan wuta kowace rana a Najeriya, sai dai na dole ne, babu zaɓi, babu awo, babu biya. Abin da nake nema shi ne a ware ɓangaren gaggawa daga cikinsa a mayar da shi hajar kasuwa mai farashi da ƙa'ida. Kuma ina roƙon a rubuta a sarari cewa ba za a kira masu yarjejeniya ba sai an ayyana halin gaggawa bisa ma'aunin da kowa zai iya dubawa, tare da iyakar sa'o'in da za a iya kiransu a shekara, domin idan aka bar ƙofar a buɗe, cikin 'yan watanni tsarin zai zama karɓa-karɓar da muka sani da sabon suna.

Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya, kuma sun yi tuntuɓen da ba sai mun maimaita ba. A Amurka, hukumar tarayya mai kula da makamashi, FERC, ta ba da umarni mai lamba 719 a 2008 wanda ya buɗe wa dillalai ƙofar tattara masu amfani da wuta da yawa su shigar da ragin da za su iya yi cikin kasuwar sari, sannan a 2011 ta ba da mai lamba 745 wanda ya ce a biya mai ragewa cikakken farashin kasuwa na wannan sa'a matuƙar hakan zai amfani sauran masu saye. Kamfanonin samar da wuta suka kai ƙara, suna cewa hukumar ta wuce gona da iri, kuma biyan ya yi yawa tunda wanda ya rage ya riga ya tsira da kuɗin wutar da bai sha ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a Janairun 2016 ta tabbatar da ikon hukumar. A ganina wannan muhawara ba tamu ba ce tukuna, saboda kasuwarmu ba ta da farashin da ke sauyawa sa'a bayan sa'a, kwangiloli ne ke tafiyar da ita. Tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne na jihar Texas, inda ERCOT, hukumar da ke tafiyar da babban layin jihar, ke buɗe tayi lokaci zuwa lokaci, masana'antu da dillalai su faɗi megawat nawa za su iya saukewa cikin minti 10 ko minti 30 da kuma nawa suke so a biya su, a ɗauki mafi araha har a cike adadin da ake buƙata, cikin kasafin da aka yi wa iyaka, wanda a 2022 aka ɗaga daga dala miliyan 50 zuwa 75 a shekara. Ana biyansu ne don zama cikin shiri, kuma ana gwada su. Ban da waɗannan, akwai wasu manyan masana'antu a can da aka ɗaura wa na'urar da ke yanke su da kanta da zarar bugun wuta ya sauka zuwa hatz 59.7, a layin da ke aiki da 60, ba tare da an jira kiran waya ba.

Sai dai Texas ɗin ce kuma ta koyar da darasi mafi ɗaci, kuma a nan nake so ku ɗan tsaya. Da misalin ƙarfe biyun dare, 15 ga Fabrairun 2021, cikin tsananin sanyin da ya daskarar da rijiyoyin gas da bututu da injuna, tashoshi suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, bugun wuta ya sauka ƙasa da hatz 59.4 ya zauna a nan sama da minti huɗu, alhali idan ya cika minti tara sauran tashoshin za su yanke kansu, jihar ta shiga duhun da zai iya ɗaukar makonni. Wutar da aka datse don ceto layin ta kai har megawat 20,000. Gidaje sama da miliyan huɗu suka rasa wuta, kuma ƙidayar hukuma ta nuna mutum 246 sun rasu. Tsarin rage ja na gaggawa ya yi aikinsa, amma ya yi kaɗan ƙwarai a gaban irin wannan giɓi, kuma an tsara shi ne don sa'o'i, matsalar kuwa ta ɗauki kwanaki. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da binciken Jami'ar Texas da ke Austin ya gano daga baya, cewa wurare 67 da suka shiga tsarin suna cikin jerin masu kai makamashi ga tashoshin wuta. Wato an biya su sun kashe na'urorinsu, gas ya ƙara raguwa, tashoshin da ake son cetowa suka ƙara rasa abin ƙonawa. Mafi yawan wutarmu daga iskar gas take fitowa, don haka wannan gemun ɗan'uwa ne da ya kama da wuta. Kafin a karɓi tayin kowa, a fitar da rijistar wuraren da ba a taɓawa: na'urorin tura gas, matatun ruwan sha, asibitoci, wuraren adana jini da alluran rigakafi. Kada a bar wa mai wurin ya yanke wannan hukunci shi kaɗai, domin akawun da ya ga kuɗi a takarda ba lallai ne ya san wa ke rataye da famfonsa ba.

Sannan akwai batun awo, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Tasha tana sayar da abin da mita ta ƙirga. Mai rage ja kuwa yana sayar da abin da bai faru ba, wato bambancin da ke tsakanin abin da ya ja da abin da da zai ja, kuma na biyun ƙiyasi ne da ake ɗaukowa daga kwanakin baya. Duk inda aka biya kuɗi bisa ƙiyasi, za a samu mai kumbura shi. A jihar Maine, hukumar FERC ta tuhumi wasu masana'antun takarda da rage aikin injunan wutarsu na cikin gida a kwanakin da ake ɗaukar ma'auni a 2007, domin ya zama kamar suna jan wuta mai yawa daga layi, daga baya suka koma yadda suka saba suna karɓar kuɗin ragin da ba su yi ba. A birnin Baltimore kuma an kunna fitilun filin wasa a ranar da babu wasa don ma'aunin ya ɗaga. Idan haka ta faru inda mita ke ko'ina, ba sai na faɗi abin da zai iya faruwa a inda kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita ba. A nan ma muna da wata matsala tamu ta daban: ta yaya za a san abin da masana'anta ta saba ja alhali a cikin kwanaki goman da suka wuce an ɗauke mata wuta a shida? Shawarata ita ce a guje wa ƙiyasi tun farko. A sa mai yarjejeniya ya yi alkawarin sauka zuwa wani adadi tsayayye, misali daga duk inda yake zuwa megawat ɗaya, a biya shi gwargwadon abin da mitarsa ta nuna yana ja a daidai lokacin da aka kira shi, kuma mitar ta kasance mai aika bayani kai tsaye zuwa NISO. Wanda ya karɓi kuɗin shiri aka kira shi bai sauka ba, a ci shi tarar da ta fi abin da ya karɓa. Kasuwar wuta ta PJM a Amurka, mai kula da jihohi 13 da birnin Washington, sai da sanyin Janairun 2014 ya nuna mata yawan masu alkawarin da ba sa cikawa kafin ta tsaurara tararta.

Ba zan ɓoye muku ba cewa yawancinmu idan aka kira mu janareta za mu tayar. Kowace masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri tana da nata, kuma ga layi wannan ma sauƙi ne. Amma hayaƙin dizal a tsakiyar unguwa yake sauka. A Amurka hukumar kare muhalli ta taɓa bai wa janaretocin ko-ta-kwana damar aiki har sa'o'i 100 a shekara don irin wannan tsari, kotu ta soke damar a 2015. Ba na ganin za mu iya hana janareta a halin da muke ciki, sai dai ana iya bambanta farashi, a fifita wanda ya rage aikinsa da gaske ko ya koma kan batir da hasken rana, a kan wanda ya canza wa hayaƙi wuri kawai.

Abin da zai kashe tsarin tun yana jariri shi ne rashin biya. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4, kuma babu mai masana'antar da ya ji wannan labari da zai tsayar da injunansa bisa alkawarin za a biya shi wata rana. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire haƙƙinsa daga takardar kuɗin wutarsa ta wannan watan, kasuwa kuma ta daidaita da kamfanin rarrabawa daga kuɗin hidimomin tallafa wa layi. Wannan yana da muhimmanci musamman ga 'yan rukunin A, waɗanda tun Afrilun 2024 aka ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kan kowane yunit bisa alkawarin sa'o'i 20 a rana, kafin a ɗan sassauta. Ya kamata doka ta fayyace cewa sa'ar da mutum ya sauke da yardarsa aka biya shi daban take da sa'ar da aka ɗauke masa, domin kada a haɗa lissafin biyu a wanke wani da su.

Ban ga dalilin farawa da gidaje ba. Gaskiya ne a California, ranar 6 ga Satumban 2022, saƙon waya guda da aka tura wa jama'a ya sauke kusan megawat 2,000 cikin ƙasa da sa'a ɗaya, kuma a Birtaniya gidaje da shaguna miliyan 1.6 sun shiga tsarin biya don rage ja a lokacin sanyin 2022 zuwa 2023, amma waɗannan mutane ne masu mitar zamani waɗanda wuta ba ta yanke musu ba. Mutumin da ya ga wuta ƙarfe biyun dare ya tashi yin guga da jan ruwa ba shi ne za a roƙa ya kashe ba. A fara da 'yan manyan da ke kan manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 132 da 33, masu narkar da ƙarfe a yankin Ikorodu da Ogijo, masu casar shinkafa, masu robobi, masu ƙanƙara da ɗakunan sanyi waɗanda za su iya jure sa'a guda ƙofa a rufe. Afirka ta Kudu ta daɗe tana da irin wannan fahimta tsakanin Eskom, kamfanin wutar ƙasar, da masana'antar narkar da alminiyam da ke Richards Bay. A lissafina, megawat 200 zuwa 300 na gwaji sun isa su rufe faɗuwar babban inji guda. Kuma tunda layinmu yakan yi fama da akasin haka, wato bugun ya haura saboda wutar da aka samar ba a ɗauka ba, yana da kyau yarjejeniyar ta ba da damar biyan wanda zai iya ƙara ja idan an nema, kamar mai ƙanƙarar da zai kunna dukan injunansa cikin dare.

Akwai kuma maganar wuri. Megawat da aka sauke a Legas ba ya ɗaga ƙarfin wuta a Kumbotso da ke Kano, domin Arewa tana ƙarshen dogayen layuka ne, nesa da yawancin tashoshi. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarna, jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu. Ba zan ce yarjejeniyar rage ja za ta hana wannan ba, domin ba ta gyara turken da ya faɗi. Amma a kwanakin da ake maido da wuta kaɗan-kaɗan, da akwai jerin waɗanda suka amince su jira da waɗanda ba za su iya jira ba, da rabon ya fi tsari. Saboda haka a riƙa buɗe tayin yanki-yanki, kuma tunda doka ta bai wa jihohi ikon kafa hukumominsu, a zauna da su tun yanzu a amince cewa kiran gaggawa daga NISO yake fitowa, kada masana'anta ɗaya ta samu umarni biyu masu karo da juna.

Ina roƙon hukumarku ta fitar da daftarin wannan tsari don jin ra'ayin jama'a kamar yadda ta saba yi da sauran dokokinta, ta gayyaci ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da kamfanonin rarrabawa da na samarwa, ta kuma yi ɗaya daga cikin zaman a Kano ko Kaduna. Bayan kowane kira na gaggawa a wallafa lokacin da aka yi shi, da dalilinsa, da megawat nawa aka nema, da nawa aka samu, da nawa aka biya. Idan aka buɗe rijistar gwaji, zan kai maganar gaban masu masana'antar da nake wa aiki da lissafin injunan da za mu iya tsayarwa cikin minti talatin.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Injiniyan kula da injuna a wata masana'antar robobi.